Tabkin Bayan Ɗakin 'Yar Safo

Duk wanda ya taɓa neman ruwan wanke hannu a gidan 'Yar Safo ya san abin da zan faɗa. Ba za ta miƙo maka ƙwarya ba, sam! Ita za ta riƙe ludayi, ta ajiye kasko a ƙarƙashin hannunka, ta riƙa ɗigo maka kamar mai ba jariri magani. Abin da ya taru a kaskon kuma na kabewa ne. Ƙasarin gero na awaki, ruwan wanki na yayyafin tsakar gida, ruwan wankan yara na gindin lalle. Ta ce ruwa ba ya mutuwa, sai dai a sauya masa aiki. Gidanmu fa shi ne na ƙarshe kafin tabkin Madarumfa, da damina kukan kwaɗi har hana mu jin kiran salla yake yi.

Sunanta na yanka Habsu, amma tun da aka kawo ta daga Safo ba wanda ya ƙara kiranta da shi. Ni ne Auta, ƙanen mijinta Bawa, don haka ni kaɗai ke da izinin tsokanarta, kuma ban bar izinin nan ya yi tsatsa ba. Wata rana na ce mata:

"Matarmu, ga tabki can, ko raƙuma dubu ba su shanye shi. Ƙara mani ludayi guda mana!"

"Tabkin naka ne? Kai ka cika shi? Garinmu sai ka ja igiya gaba ashirin kahin ka ga huskar ruwa. Kai da anka haihwa cikin laka, mi ka sani?"

"To ai yanzu ba Safo kike ba."

"Hannun nawa na Safo ne. Yarfe sauran bisa kabewa. Kada ka goge ga riga, riga ba ta 'ya'ya!"

Haka take, Allah ya jiƙanta. Amma ba don rowar ruwa na ɗauko zancenta ba, don ramin nan ne da kuka taso kuka gani a bayan ɗakinta.

Manyanku sun san Yaya Bawa lokacin da yake Bawa. Masunci ne na gasken gaske. In ya kwanta bisa gorar masunta ya nausa tsakiyar tabki, mata sai su fara hura wuta, don sun san da kifi zai dawo. To a shekarar da aka sallami mutane daga aikin tilas, na dawo gida daga aikin hanya na tarar yanar ido ta rufe masa duka biyun. An yi tofi, an yi turare, an kai shi wurin mai sakiyar ido, ba abin da ya canza. Sau ɗaya ya yi ƙoƙarin komawa ruwa, ya rasa inda gaɓa take, ya yi ta kewaya har samari suka jawo shi da igiya a gaban jama'a. Tun daga ranar ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ba ya magana, ba ya fita masallaci, tuwo ya yi loma biyu ya ture. Mutumin da ke ɗaukar kayan jaki guda na gero shi kaɗai ya koma ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Wallahi na cire rai. Na ce a zuciyata wannan ba zai ga kaka ba.

'Yar Safo ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Wata safiya ta kira ni bayan ɗaki, ta zana wani da'ira a ƙasa da sandar tuƙa tuwo.

"Auta, nan zan yi tabki."

"Tabki? Matarmu, ga wanda Allah ya yi can, taki ɗari!"

"Wancan ya yi ma yayanka girma. Zan yi mashi wanda ko ina ya miƙa hannu sai ya taɓa gaɓa."

Na buɗe baki zan yi dariya, dariyar ta maƙale. Na ce to wa zai haƙa? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in ni za ta jira, sai kifin ya tsufa. Ta ce in je in yi harkata.

Ku ji abin da matar nan ta yi. Lokacin rani ne, kowa na gyaran rumbu da katanga. Sai ta je rijiyar unguwa ta faɗa wa mace ɗaya tak, cikin raɗa, cewa ta gano jar ƙasa a bayan ɗakinta wadda gara ba ta ci, amma don Allah kada kowa ya ji. Kafin azahar duk Madarumfa ta ji. Washegari ga maza da jakai da mangaloli suna sallama. Ta fito tana ɓata rai, tana cewa ita ba ta son a ƙarar mata da ƙasa, amma tunda maƙwabta ne ba yadda za ta yi. Ta tsaya a kansu da sandar tuwonta.

"Kai Mantau, ba nan ba! Cikin zanen ga, nan mai kyawon take. Kai kuma yi ƙasa, ta sama yashi ce. Daidaita gehen nan mana, ko rumbun naka karkatacce kake so?"

Kwana huɗu ramin ya kai ƙugu, faɗinsa kamar ƙaramar bukka, gefensa sumul. Ba ta dama furar gayya ba ko ƙwarya guda. Har godiya suke mata suna tafiya! Mantau ne ya fara ganewa, da gara ta cinye masa gindin rumbu da damina. Ya zo yana huci, ta ce masa: "Wataƙila garar taku ba ta ji labari ba."

Zuba ruwa kuwa ni aka ɗora wa. Tun hantsi nake jan guga a rijiyar garka ina juyewa, har kafaɗuna suka daina jin magana. Ruwa ya kai gwiwa, muka je cin tuwo. Da muka dawo, ko na alwala babu. Ƙasa ta shanye tas! Jama'a, ku tuna wace ce wannan, macen da ke bin ɗigon ludayi da kasko. Ta zauna bakin ramin ta yi tagumi. Ni ko, Allah ya yafe mani, na je na gayyato abokaina muka zo a jere muka durƙusa.

"Matarmu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan ruwa. Ashe dai yana mutuwa."

Ta ɗago kai ta ce: "Bai mutu ba, rijiya ya koma. Tashi ka jawo shi."

Ban jawo ba, don ita ma ta san sai an toshe ramin. Nan ne ta yi kuskuren da har yau in masunta sun tuna sai sun riƙe ciki. Ita 'yar tudu ce, abin da ta sani na hana ƙasa shan ruwa shi ne daɓe. Sai ta tara matan unguwa kamar za a yi wa amarya ɗaki. Aka zuba tsakuwa da laka, aka jiƙa ɓawon ɗorawa tulu-tulu har makuba ta yi baƙi ƙirin, mata suka shiga ramin da madaɓai suna bugu suna waƙa, ana yayyafa makuba ana ƙara bugu. Ita da ke rowar ruwa, ran nan ba ta yi rowar makuba ba. Daɓe ya yi kyau, sai sheƙi yake, kai ka ce a shimfiɗa tabarma a kwanta. Muka zuba ruwa, ya zauna daram. Ta yi guɗa.

Ni manomi ne, ban gaji sana'ar su ba, Yaya Bawa ne ya koya wurin kawunmu. Saboda haka ni ma ban san komai ba, kada ku ɗora mata ita kaɗai. Ni na je wurin masunta na roƙo ƙananan tarwaɗa da karfasa masu rai a cikin tulu, ban gaya musu abin da aka shafe ramin da shi ba. Muka juye. Ba a yi tsawon dahuwar wake ba sai ga kifi na tasowa ɗaya bayan ɗaya, ciki sama, fari fat.

'Yar Safo ta ce: "Auta, barci suke?"

Na ce: "Da alama gajiyar tahiya ce."

Muna cikin haka sai muka ji wata murya daga cikin ɗaki, a dushe, muryar da muka yi wata biyar ba mu ji ba.

"Warin mi nike ji? Makuba?"

Muka waiwaya. Aka ɗaga asabari, sai ga Yaya Bawa dafe da bango, ya cika fam da fushi.

"Makuba kunka sa ma kihi? Makuba! Ko yaron da bai yi kaciya ba ya san da ita ake kashe kihi cikin kududduhi! Wane mahaukaci ne ya yi wanga aiki?"

Ni na ja da baya. Ita ko ko gezau.

"Ni ce, Maigida. Kwana goma ana bugun daɓe bayan kunnenka, da ka yi magana ai da ba a yi ba."

"Wa ya tambaye ni?"

"Wa ke tambayar bango?"

Ya yi ta faɗa har numfashinsa ya ƙare, ya koma ciki ya saki asabari. Na juya in ba ta haƙuri, sai na ga idonta ya cika da hawaye, bakinta kuma har kunne. Ta ce mani a hankali: "Ka ji? Da sauran shi." Sannan ta share ido ta ce in tsamo kifin maza a fasa ciki a wanke a banda, don ba a yi asarar da za a ƙara da wata ba. A ranar Yaya Bawa ya cinye tuwonsa, ina jin don ya samu ƙarfin ƙara zagin mu.

Daga nan ta gano maganinsa. Lallashi bai yi ba, addu'ar malamai tana nan tana aiki a hankali, amma ɓarna a sana'arsa ba zai iya ji ya yi shiru ba. Sai ta mayar da ni abokin shawara. Kullum da safe mu tsaya daidai bayan bangonsa, ta ɗaga murya.

"Auta, in an sake zuba kihin, ina ganin mu riƙa sa masu gishiri da daddawa tun suna da rai, miya ta hi daɗi."

"Ƙwarai, matarmu. Mu ƙara da barkono."

Sai ka ji daga ciki: "La'ilaha illallahu! Gara ake ba su! Gara da dusa!"

"Auta, rana ta yi masu kyau ko? Mu sare reshen ga da ya yi inuwa."

"Kada wanda ya taɓa reshen nan! Ku kafa rumhwa ma, ku sa bado cikin ruwan, jakai kawai!"

Da zagi da zagi ya koya mana aikin duka. Shi ya ce a kankare daɓen nan har a kai ƙasa. Shi ya ce in ana son rami ya riƙe ruwa shekara da shekaru, a je a tambayi marina, su da rijiyoyinsu na rinin baba ba sa yoyo. A kwana na uku ya ce ba ya jin mu sosai ta bango, a fito masa da tabarma.

'Yar Safo ta ɗaure ƙullin daddawa ta hau jaki sai karofi. Marina suka ce laso ake yi: katsin da ya kwanta a gindin rijiyar baba, a ƙona shi, a daka, a kwaɓa da gashin akuya na majema da ruwan dafara mai yauƙi. Suka ce amma aikin maza ne, kuma katsi ba a bayarwa haka nan. Ta sauka daga jaki ta zauna a bakin karofin, ta ce ba komai, ita ba ta da sauri. Ta wuni tana gaya wa kowane mai kawo rini cewa wancan zanen bai ji baba ba, wannan kuma an yi masa rowa. Kafin la'asar babban marinin da kansa ya ɗora mata mangala biyu, ya ce ta riƙe daddawarta, ta dai tafi. Ta ce a'a, ita ba ta cin haƙƙin mutane, ta ba shi rabi.

Ita ta shafe ramin da hannunta, sau uku, tana gogewa da dutse. Wata guda hannuwanta shuɗi har gwiwa, yara na gudu in ta miƙo musu ƙosai. Da laso ya bushe, Yaya Bawa, wanda yanzu a bakin ramin yake wuni yana ba da umarni kamar sarkin ruwa, ya ce a cika, a bar shi kwana uku, a kwashe a zubar. Sau uku za a yi haka kafin kifi ya shiga.

"A zubar?" in ji ta.

"A zubar."

"Duka?"

Ina ganin gefen bakinsa ya motsa. Rabona da ganin haka tun kafin in tafi aikin hanya. Ya ce: "Duka, 'Yar Safo. Har ɗigon ƙarshe."

Ramuwar gayya ce, kowa ya sani. Ta ce to. Washegari ta sa ni na yi kunyoyi a gangaren ramin, inda za a zubar da ruwan, ta dasa albasa. Albasar nan da kuka ci kuka ƙoshi kuna yara, asalinta ke nan.

Aka sake kawo tarwaɗa, wannan karon shi ya shafa kowace da hannunsa kafin a sake ta. Ya sa aka ɗaga bakin ramin da tubali, don ya ce tarwaɗa in ta ji ruwan sama tafiya take yi da ƙirji ta koma gidan ubanta. Suka rayu, suka yi ƙiba, in an watsa gara sai ka ji ruwan na tafasa. Amma shi bai shiga ba. Ya zauna a baki, ya sa tafin hannu bisa ruwa, ya janye. Tsoron ranar nan ta igiya bai sake shi ba, kuma ba wanda ya isa ya ce masa shiga.

Ranar wata Juma'a bayan an shiga kaka, 'Yar Safo ta ce yau miyar kifi za a yi, ni zan kamo. Na tuɓe riga na faɗa. Jama'a, tarwaɗa a ruwa ba abokiyar wasan manomi ba ce! In na damƙo nan ta sulluɓe can, na sha ruwa, na zame, na tashi da bado a ka. Wannan karon ba shiri muka yi ba, iyakar iyawata ke nan. Ita ko tana ba shi labari dalla-dalla.

"Ya kama wutsiya. Ta tahi. Ya faɗi. Maigida, ƙanenka dai da kihin za su cinye shi da sun huta."

"Ta kai ake kamawa! Ka kora ta jikin gaɓa, ka danne bayan kai!"

"Yaya, ba ta tsayawa!"

"Hito! Hito mani daga ruwa, ka dagula shi banza!"

Na fito. Ya cire riga, ya laluba bakin ramin, ya zura ƙafa ɗaya, ya tsaya. Ya zura ta biyu. Ruwa ya kai masa ƙugu. Ya miƙa hannun dama ya taɓa gaɓa, ya miƙa na hagu ya yi taki ɗaya ya taɓa ɗaya gaɓar. Sai ya sunkuya, hannuwansa suka nutse, yana saurare da yatsu. Can sai muka ga ya zabura ya ɗago wata ƙatuwa tana bugun ƙirjinsa da wutsiya. Ƙayarta ta soke shi a babban yatsa, jini na zuba, shi ko dariya yake, irin dariyar da ake ji har bakin tabki.

"'Yar Safo! Kawo ƙwarya! Babba!"

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Ya koma masallaci, ya koma saƙar koma da taru, samarin da suka jawo shi da igiya su ne suka riƙa zuwa bakin ramin nan ɗaukar karatu. Ya aurar da 'ya'yansa da bakinsa, ya ɗauki jikoki. Kullum da hantsi yana cikin ruwansa, ita kuma tana bakin murhu tana fasa kifi, tana banda, tana miya.

Bayan ya rasu, ta fita takaba, na je gaishe ta. Na ce ko in riƙa zuwa ina kama mata kifin, tunda yanzu na ɗan iya. Ta dube ni ta yamutsa fuska.

"Ku kwashe abinku ku kai tabki, Auta. Ni ƙarnin kihi tashin zuciya yake sa ni."

"Ke? Tun yaushe?"

"Tun ranar da anka kawo ni garin ga. Ban taɓa kai shi baki ba. Miyar kuka nike yi ma kaina gehe."

Mu maza a zaure muke ci, ina za mu sani? Shekara talatin da wani abu! Na fashe da dariya, ina cikin dariyar na ji ta juye mani kuka, na kasa tsayar da shi. Na ce: "Matarmu, na gode. Kin maido mani da ɗan'uwana." Shi ne karo na farko kuma na ƙarshe da na yi mata magana ba da wasa ba. Ta kau da kai ta ce in tashi in ba ta wuri, tsufa ya fara taɓa ni.

Ya Allah, ga Habsu nan ta zo gare ka. Mu ba mu da abin da za mu biya ta. Ka yafe mata, ka yafe wa Yaya Bawa, ka haskaka kabarinsu, ka sada su a inda ba makanta. Amin.